GARDAMAR GITA A ƘASAR ADAR: YATSA NE GWANI, KO KAI?

A ƙasashen Madawa da Buza da Keita, gardamar da aka saba ji a bakin tasha ko wurin mai shayi ba ta cika wuce uku ba: kuɗin buhun albasa, da canjin naira, da jahar da za ta ɗauki takobi a kokowar gargajiya ta ƙasa. A ƴan shekarun nan wata ta huɗu ta samu wurin zama bisa tabarma, kuma abin mamaki ba ta siyasa ba ce. Gardama ce a kan wani makaɗin gita, Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta fi sani da sunan Mdou Moctar. Wasu na cewa tun da aka fara kaɗa gita a Nijar ba a yi mai hannu irin nasa ba. Wasu kuwa na cewa ai hannun ne kaɗai gare shi, saurin yatsa ne da ƙarar na'ura, in aka zare masa wutar lantarki babu abin da zai rage.

Mutumin ba baƙo ba ne ga wannan yanki. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a ƙasar Azawak, can arewacin jahar Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, ƙasar Abalak kuwa iyaka ɗaya take da ta Keita. Ɗan kasuwar Tamaske ko na Ibohaman da ke hawa arewa cinikin bisashe ya san mutanensa, ya sha shayinsu. Ban da haka ma, Abzinawa sun daɗe da zama ƴan gida a Adar da Gobir Tudu: sarautar Keita ta Lisawan ce, Kel Geres kuma suna nan a ƙasar Madawa, wajen Galma da Arzarori, tun zamanin kakanni. Saboda haka kunnen mutumin wannan ƙasa ya saba da kalangu da goge a bukin wannan unguwa, ya saba da tande da gita a bukin waccan. In ya buɗe baki zai yi gardama a kan kiɗa, ba da ka yake yi ba.

DAGA WAYAR BIRKI ZUWA SAKKWATO

Kafin a yanke wa makaɗi hukunci, ya kamata a san gidan da kiɗansa ya fito. Kiɗan gita na Abzinawa bai tsufa ƙwarai ba. Ya samo tushe ne wurin samarin da fari na 1973 da na 1984 ya kora daga makiyayansu zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. Ana kiransu ishumar, kalmar da aka aro daga ta Faransanci mai nufin marar aikin yi. A Mali ƙungiyar Tinariwen ce ta yi gaba, a Nijar kuwa marigayi Abdalla ag Umbadugu ne da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Lokacin tawayen da ya ɓarke a 1990, kaset ɗin Abdalla a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu, domin wanda aka kama da su yana iya shiga uku. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 wannan kiɗa ya fito fili, aka ji shi a dandalin Yamai. A wancan zamani magana ce sarauniya, gita baiwarta ce mai ɗaukar mata kaya. Ba wanda ya sayi kaset don ya ji gudun yatsa. Abin da mawaƙin zai faɗa game da ƙishirwa da gudun hijira da kewar gida ake jira.

Mdou yana yaro ya ga Abdalla yana kaɗawa a bainar jama'a, abin ya shiga ransa. Gidansu gidan addini ne, ba a son jin zancen kiɗa, balle a saya wa yaro gita. Sai ya samu guntun katako da wayar birkin keke ya ɗaura abarsa da kansa, yana koyo a ɓoye. Ba malami, ba makaranta, ga shi kuma bahago, watau ko kwaikwayon hannun wani zai yi, sai ya juya komai a kansa tukuna. Da ya tasa ya tafi Libiya neman kuɗi, kamar yadda dubban samarin Adar ke fita cin rani kowace shekara, ya dawo da niyyar kiɗa.

A 2008 ya sauka Sakkwato, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti irin wanda ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, ya yi faifansa na farko mai suna Anar. A nan akwai abin da masu gardama na ɓangarorin biyu suke mantawa. Wanda ya saurari wannan faifai ba zai ji gudun yatsan da ake ta magana a kansa yau ba. Abin da zai ji shi ne ganga ta na'ura, da gita mai tafiya a hankali, da murya wadda kwamfuta ta lanƙwasa kamar ta ƴan nanaye na Kano, sai dai da harshen Tamajak take waƙa. A lokacin wannan haɗi baƙo ne. Dattawan ishumar ba su yi shi ba, mawaƙan fim na Kano da Sakkwato ma ba su yi shi ba. Wani saurayi ne ya ji abu biyu da kunnensa, ya ce bari in aurar da su.

Faifan bai shiga kanti ba. Daga salula zuwa salula ya bi, ta hanyar Bluetooth da ɗan katin ajiyar waƙoƙi, a cikin motocin fasinja da rumfunan cajin waya, har ya ƙetara zuwa arewacin Mali. Can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, Tahoultine. Ya sa ta a wani faifan haɗaka da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma nemi mai ita har ya same shi. Watau dai sunan Mdou ya yi tafiyar dubban kilomita alhali ba wanda ya ga yatsunsa ko sau ɗaya. Waƙa ce ta ɗauke shi, tun kafin a san yana da hannu.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Ya zauna Agadas yana kiɗan bukukuwan aure. A 2013 aka fitar da faifan Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaraden. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda aka ɗauka a birnin Ditroyit na Amurka, a 2021 ya fitar da Afrique Victime a ƙarƙashin kamfanin Matador, a 2024 kuma Funeral for Justice, watau jana'izar adalci. Da kowane faifai ƙara tana daɗuwa, gudu yana daɗuwa, dandali yana faɗaɗa.

ABIN DA IDO KE GANI

Masu yabon hannunsa ba ƙarya suke yi ba, kuma ya dace a bayyana abin da suke gani, domin akasarinsu sun iya cewa ya iya, amma ba su iya faɗin me ya iya ba. Gita tsirkiya shida gare ta. Bature yakan danne uku ko huɗu a lokaci guda, ya buga su tare, ya sauya, ya sake bugawa. Ba'abzine ba haka yake yi ba. Yakan bar tsirkiya mai kauri tana gurnani ita kaɗai ƙarƙashin babban yatsa daga farkon waƙa har ƙarshenta, manuni kuma yana yawo bisa siraran yana zana karin waƙar. Muryoyin da yake taka wa biyar ne, irin waɗanda kunnen Bahaushe ya sani a goge da gurmi da molo. Wannan tsari gado ne daga tahardant, molon Abzinawa mai tsirkiya uku, wanda ake kiɗan takamba da shi. Shi ya sa tsohon da bai taɓa riƙe gita ba yakan ji kiɗan ya gyaɗa kai: ba a fitar da shi daga gida ba.

Mdou ba ya amfani da ɗan ɓallin roba da makaɗan Turai ke bugun tsirkiya da shi. Da yatsansa yake karta, sama da ƙasa, da saurin da ido ba ya iya bi. Ɗaya hannun, wanda ke bisa wuyan gitar, yakan doki tsirkiya ya fizge ta, ta yadda bugu ɗaya zai haifi murya uku ko huɗu, kamar yadda mai goge ke karkaɗa murya da ɗan yatsa. Daga nan sai ya tura sautin cikin na'urorin da ke ƙara masa kauri da tsawo, har gita ta riƙa kuka kamar algaita. Waƙa takan fara da tafiyar raƙumi mai kaya, mai ganga Sulaiman Ibrahim yana ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan, kafin a ankara ta zama sukuwa. Wanda ya ce wannan abu mai sauƙi ne, a miƙa masa gitar.

Ƴan jaridar Turai da Amurka sun laƙaba masa kirarin Jimi Hendrix na Sahara, don shi ma Hendrix bahago ne mai sa gita kuka. Sai dai kuma wannan kirari an riga an yi wa Bombino na Agadas shi, kuma da alama duk Ba'abzinen da ya rataya gita ya sauka filin jirgin Paris ana ajiye masa shi a aljihu. Kirarin da ake yi wa kowa ya daina zama kirari, ya koma gaisuwa. Bai kamata mai gardamar Buza ya kafa hujja da shi ba.

MASU SUKA KASHI BIYU NE

Idan aka natsu aka saurari masu suka, za a tarar ba bakinsu ɗaya ba, har ma maganar wani tana rushe ta wani. Kashi na farko su ne waɗanda suka girma da kaset ɗin Abdalla. Su abin da ke damunsu shi ne baiwa ta hau gadon uwargijiyarta: gita ta danne magana. A ganinsu, in makaɗi ya yi minti biyar yana gudu bisa tsirkiya bai ce uffan ba, to ya bar mutanensa ya koma yi wa Turawa wasa, tun da can ne kuɗi suke. Suna ƙarawa da cewa sauri abin koyo ne. Yaron da ke da salula a Keita yana iya rage gudun bidiyo ya bi yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya haddace, amma ba bidiyon da zai koya masa abin da zai faɗa.

Kashi na biyu sun fi yawa cikin ma'aikatan gwamnati, waɗanda suka yi rawa a gaban manyan ƙungiyoyin makaɗa na Yamai da Maraɗi da Damagaram a zamanin su Musa Pusi da Sa'adu Bori. Su kuma cewa suke yi ko gwanintar ma ba ta cika ba. A wurinsu gwani shi ne wanda ya san ƙa'ida, irin wadda ake koyarwa a cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai: ya karanta rubutun kiɗa, ya kaɗa rumba ta Kongo yanzu, an jima ya juya zuwa salsa, in mawaƙi ya ɗaga murya ya bi shi, in ya sauke ya bi shi. Mutumin da zai zauna bisa gurnani ɗaya minti goma, a ganinsu, rijiya ɗaya ya sani, ko da kuwa ya iya jan guga da sauri.

To, ga mutum ɗaya, wani na cewa hannu kaɗai gare shi, wani na cewa ko hannun bai cika ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba a daidaita kan mudun da ake awo da shi ba.

Mudun ƙasar Hausa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Malam Maman Barka, malamin makaranta da ya rasu a 2018, da gurmi mai tsirkiya biyu ya shiga kowane gida a Nijar. Mamman Shata ma makaɗansa ne ke riƙe da kalangu, shi nasa baki ne. Ba a taɓa jin wanda ya rage wa ɗayansu daraja don ƙarancin tsirkiya ba. Amma fa kada a ɗauka Bahaushe ba ya kula da hannu. Mai gogen da izgarsa ta yi ƙara marar daɗi a tsakiyar buki, ba sai an kore shi ba, mata za su daina rawa ya gane da kansa. Hannu sharaɗi ne na shiga fili. Abin da ke sa a tuna da mutum bayan an watse, shi ne ya zo da abin da ba a ji a bakin kowa ba.

Ƴan kasuwar Madawa sun fi kowa sanin wannan, don suna ganinsa a cinikin tabarma. Akwai matar da saƙarta ta yi ƙarfi, bakin tabarmarta ba ya warwarewa, kaba ba ta tsinkewa a hannunta. Akwai kuma wadda ta fara fito da wani zane da ba a taɓa gani ba. Ranar kasuwar farko dillalai rububin tabarmar mai sabon zane suke yi. Kafin kasuwa ta uku kowace rumfa ta cika da irinsa, wasu ma sun fi na asalin kyan saƙa, farashi ya faɗi. Sai a koma jiran mai zanen ta sake fito da wani. In kuwa saƙarta sako-sako ce, zanen ba zai cece ta ba, mai saye zai ja bakin tabarmar ya ajiye.

INDA GARDAMAR TA KARKACE

Kuskuren da ɓangarorin suka yi tarayya a cikinsa shi ne ɗaukar hannu da kai kamar buhu biyu da za a ɗora bisa sikeli. Ga wanda ya shiga makaranta, mai yiwuwa haka ne: an ba shi ƙa'ida, daga baya ya nemi abin da zai yi da ita. Ga wanda ya fara da wayar birkin keke kuwa, ba wanda ya miƙa masa ƙa'ida. Yadda zai karta da yatsa, da yadda zai sa gitar lantarki ta yi karkarwar goge, da yadda zai ɗauki takamba mai tafiyar ƙasaita ya sa mata gudu ba tare da ta zube ba, duk sai da ya nemo su. A wurinsa hannun ma wani abu ne da kai ya ƙago.

Gaskiya ce kuma ba shi kaɗai ya nemo ba, masoyansa su daina yi masa wannan shaidar zur. Filin bukukuwan Agadas makaranta ce mai zafi. A can, da ɗan injin wuta da lasifika mai tsatsa, ƙungiyoyi ke karawa da juna kowane mako, wanda ya fi tayar da ƙura shi za a kira a buki na gaba. Bombino, wanda faifansa Deran na 2018 ya kai shi cikin ƴan takarar kyautar Grammy, daga wannan fili ya fito. Haka Bibi Ahmed na ƙungiyar Inerane, haka marigayi Kudede. Ƙara da gudun da ake cewa don Turawa aka yi su, a gaban ƴan matan Agadas aka fara gwada su, tun kafin wani Bature ya saya tikiti. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne manyan dandalin waje sun ƙara wa abin gishiri, kuma wani lokaci gishirin yakan yi yawa. Akwai wurare a faifan Ilana da gita ke ta zuba gumi, mai sauraro yana jira a kai shi wani wuri, ba a kai shi ba. A nan dattawan kaset suna da gaskiya.

Inda ba su da ita shi ne cewa magana ta mutu. Faifan 2021 da na 2024 cike suke da zance mai nauyi: halin da Afirka ke ciki, da hannun Faransa a cikinsa, da arzikin ƙasa da ake haƙa ana fita da shi talaka yana kwana cikin duhu, da kira ga Abzinawa kada su bar harshensu ya ɓace. Matsalar ita ce Bahaushen Buza da ba ya jin Tamajak, in ya kunna waƙar, matsayinsa ɗaya da Ba'amurken Ditroyit: ƙofar magana a rufe take gare shi, ta tagar hannu kaɗai yake leƙe. Ba mamaki ya ce hannu kaɗai ya gani. Maƙwabcinsa Ba'abzine na Galma, wanda suke cin kasuwa ɗaya, wata waƙa dabam yake ji.

Shi kansa makaɗin ya nuna inda ya sa daraja. A 2015 ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamajak, wanda Kirkley ya shirya bisa tsarin wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince. Labarin na wani saurayi ne mai gita da mahaifinsa ba ya son sana'arsa, ga kuma abokin hamayya a gari. Muguntar da abokin hamayyar ya yi masa ba fin sa gudun yatsa ba ce. Waƙarsa ya sace, wadda aka ɗauka a salula, ya rera ta a gaban jama'a kamar tasa. A duniyar makaɗan nan, abin da ake sata shi ne abin da ke da tsada, kuma ba a taɓa jin an saci yatsa ba.

Akwai kuma shaida daga ƙauyen Illigadad na ƙasar Abalak. Fatu Saidi Gali ta koyi gita da kanta da ta wani ɗan'uwanta, a wurin da ba a saba ganin mace da gita ba. Ita da abokan kiɗanta sun fitar da faifansu na farko a 2016, suka zagaya Turai da Amurka. Ba ta gudu, ba ta sa gita kuka. Abin da ta yi shi ne ta ɗauko tande, kiɗan mata na turmi da fata da tafi, ta ɗora shi bisa tsirkiya, ƴan muryoyi kaɗan suna juyawa kamar dabaran rijiya. In da sauri ne mudu, da ba a ji sunanta ko a Tawa ba.

Batun zare wuta kuwa, ƙaddara ta riga ta yi gwajin. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Mdou da mutanensa suna yawon kiɗa a Amurka, aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe musu na wani lokaci. A zaman jiran nan suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a birnin Niyok, suka sake kaɗa waƙoƙin jana'izar adalci da gitar katako, ba ƙara, ba sukuwa. Faifan ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice, watau hawayen zalunci. Tun a 2017 ma ya taɓa yin irin wannan faifai mai sanyi, Sousoume Tamachek, inda shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗan. Wanda ya saurari waɗannan biyu zai ji waƙoƙin sun tsaya da ƙafafunsu bayan an tuɓe musu kayan ƙarfe, wasu ma sun fi shiga zuciya a haka. Ba a gane maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a nan miyar ta ƙare an gani.

WANDA ZAI BIYA KUƊIN GARDAMAR

Mai karatu na iya cewa mene ne ruwan mai sayar da albasa ko magatakardan ofishin gunduma da wannan dogon zance. Ruwansu kuwa babba ne, domin su ne ke riƙe da mudun a aikace. Alhajin da zai aurar da ɗiyarsa shi ke zaɓen wanda zai kaɗa, shi ke ƙidaya jikkunan da za a ba shi. Ma'aikacin da aka naɗa alƙali a gasar samari ta gunduma, ko a gasar kiɗan zamani da ake kira da sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Adar, shi ke riƙe da alƙalamin maki. In waɗannan biyu suka nuna cewa wanda ya fi kwaikwayon Mdou ko Bombino shi ke cin kasuwa, to samarin Keita da Buza da Madawa da suka tara kuɗin cin rani suka sayo gita za su kwana suna haddar yatsun wani. Za a samu ƙwararrun masaƙa da yawa, duka suna saƙa zane ɗaya.

Ga shi kuwa kayan aiki a zube suke a ƙofar gida. Waƙoƙin da matan Keita suka riƙa yi suna ɗaukar duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta tallafa tun 1984, da kiɗan noma na kwarin Majiya, da kirarin ƴan kokowa, da gogen bori na Gobir Tudu, ba su da yawa waɗanda suka taɓa gwada su bisa gita. Masu riƙe da su suna tsufa, kuma a bukukuwa da yawa yaro mai lasifika da katin waƙoƙi ya karɓe wurinsu don ya fi araha. Saurayin da ya je ya durƙusa gaban tsohon mai goge ya ɗauko kari ɗaya ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba, shi ne ya bi sawun abin da aka yi a Sakkwato a 2008, ko da yatsansa bai kai rabin gudun na Mdou ba. Sai dai kuma a tuna masa ya kai waƙarsa ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a rubuta ta da sunansa, domin salular da ta ɗaukaka Mdou ita ce kuma ta yi shekaru tana yawo da waƙarsa ba ko dala da ta shiga aljihunsa.

A bayan Mdou, duk inda ya hau dandali da cikakkiyar ƙungiyarsa a waɗannan shekaru, akwai wani mutum tsaye da rawani da gita ta biyu, Ahmudu Madasan, ɗan'uwan Fatu ta Illigadad. Aikinsa shi ne ya riƙe kari ɗaya, ya yi ta maimaita shi minti takwas ko goma, kada ya yi gaba da ganga, kada ya yi baya, komai sukuwar da ake yi a gabansa. In hannunsa ya kuskure sau ɗaya, mai gudun ba shi da ƙasar da zai sauka. A gardamar tasha ba a cika ambaton sunansa ba.